Ba Sai Ka Kai Ƙololuwa Ba

Da zarar mutum ya ce zai je gandun daji na kan tsauni ya huta, tambayar farko da ake masa ita ce, "Za ka hau har ƙololuwa?" Ni kam ina ganin wannan tambaya ce ke ɓata wa mutane hutu. Mutum ya baro hayaniyar gari da gajiyar aiki, ya yi doguwar tafiya, sai kuma ya jibga wa kansa sabuwar wahala: tashin tsakar dare, haki, ciwon gwiwa, duk saboda hoto ɗaya da zai ɗora a Facebook.

Ku dubi Kilimanjaro a Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895. Jikin ɗan Adam ba ya son gaggawa a irin wannan wuri. Da an haura kimanin mita 2,500, iskar da ake shaƙa takan ragu, sai ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci su kawo ziyara. Shi ya sa masu son gama hawan cikin kwana biyar suka fi juyowa ba su kai ba, in aka kwatanta da masu ɗaukar kwana bakwai ko takwas. Abin da ke damuna shi ne, a gindin tsaunin akwai kurmi mai duhuwa, gansakuka ta lulluɓe itatuwa, birai masu baƙi da fari na tsalle a sama, ƙoramu na kwarara. Masu gaggawa kan ratsa shi cikin yini guda, ido na kan takalmi. Haba jama'a!

Hutun da ake nema a tsakiyar tsauni yake. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, don haka tun a mita 1,500 za ka ji sanyin da zai sa ka yi barci mai nauyi, numfashinka lafiya lau. A tsaunukan Simien na Habasha, mutum na iya zama a bakin gangare ya yi shiru, garken birin gelada na tsinkar ciyawa a kusa da shi kamar tumaki a makiyaya. Wanda ke sauri ya cimma Ras Dashen, ƙololuwar tsaunukan, ba zai samu wannan zaman ba.

Haka Gashaka-Gumti, gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, da aka kafa a 1991 tsakanin Taraba da Adamawa. Kowa Chappal Waddi yake ambato, tunda shi ne wuri mafi tsayi a ƙasar, mita 2,419. To amma ruwan da ke gangarowa daga waɗannan duwatsu zuwa Kogin Binuwai fa? Da birai chimpanzee da ke cikin kurmin, waɗanda ba sa bayyana ga mai surutu da gaggawa?

Ba na raina masu hawa. Wanda ya shirya jikinsa, Allah ya ba da sa'a. Amma in hutu ya kai ka, ka zaɓi sansani ɗaya ka kwana biyu ko uku a wurin. Ka ɗauki ɗan jagora daga mutanen yankin, ka bar shi ya tsara tafiyar, ka fito da sassafe lokacin da tsuntsaye da namun daji ke motsi, kafin hazo ko gajimare su rufe kwari.