Ƙirga littattafai bai isa hujja ba

Mutane da dama sun ɗauka cewa yawan littattafan da aka ara ya isa ya nuna amfanin laburaren makaranta. Wannan lissafi zirga-zirga kawai yake nunawa, domin littafi kan je gida ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba.

Abin dubawa shi ne canjin da aka samu a wajen ɗalibi. A 1993, binciken Keith Curry Lance, wani manazarcin harkokin laburare, a jihar Colorado ta Amurka ya gano cewa makarantun da laburarensu ke da wadatattun ma'aikata da littattafai sun fi samun sakamako mai kyau a gwajin karatu, ko da an yi la'akari da talaucin yankin. Alaƙa ce kawai binciken ya nuna, ba hujjar cewa laburare ne ya jawo sakamakon ba, don haka ya kamata kowace makaranta ta riƙa kwatanta aikin ɗalibanta kafin su fara amfani da laburare da kuma bayan nan.