Shahon Da Ya Bi Ni Daga Nguru Har Kano

Wani abokin aikina ne ya jawo mini wannan asarar. Ya dawo daga Nguru yana ba mu labari a ɗakin malamai, wai agwagin daji tun daga Turai suke tasowa, su tsallake Sahara, su zo su ci hunturu a fadamun Haɗejiya da Nguru, ba biza ba fasfo. Ya miƙo mana hotunan da ya ɗauka da waya: ruwa a ƙasa, hazo a sama, a tsakiya wasu ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masoro. Na yi dariya har da buga tebur. Na ce, "Malam, wannan ai cin amanar tsuntsaye ne. Bari in sayi kyamara ta gaske in je in nuna maka yadda ake yi." Baki dai shi ke yanka wuya.

A shagon da na je, mai kayan ya ɗora mini guda biyu a kan kanta. Ɗaya Nikon Coolpix P900, gilashinta a manne yake ba a cirewa, amma tana zuƙo abu har ninki 83. Ɗayar kuma Canon EOS 1200D ta hannu, irin wadda ake sauya wa gilashi. Tambaya ɗaya tak na yi, megafiksel nawa? Ya ce waccan 16, wannan 18. Na ce to magana ta ƙare, goma sha takwas ta fi goma sha shida ko a wace makaranta. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce Canon ɗin ta fi kama da wadda masu hoton biki ke ratayawa.

Bawan Allahn nan bai cuce ni ba. Ya ce, "Alhaji, gilashin da ke jikinta 18-55 ne, na suna da ɗaurin aure. In tsuntsu kake nema, ba megafiksel za ka tambaya ba, milimita za ka tambaya." Ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan rasit. Agwagwar da tsawonta bai kai rabin mita ba, in tana nesa da kai mita 50, gilashi mai milimita 55 zai fito da ita kamar kashi biyu cikin ɗari na faɗin hoton. Mai milimita 250 zai ba ka kusan kashi ɗaya cikin goma. In kana son ta cika rabin hoto, sai ka matso kamar mita goma, in ta yarda. Haka na ƙara kuɗi na karɓi 55-250 mai IS, wato mai rage rawar hannu. Ya haska tocilan ta cikin gilashin ya nuna mini babu fumfuna, wadda ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo. Ya ba ni batir LP-E10 na biyu. Daga nan ya matse ƙofar haske zuwa f/22, ya juya ya ɗauki hoton farin bangon shagonsa, ya nuna mini yana cewa "ka gani, tas take". Na gyaɗa kai kawai, a raina ina cewa wannan mutum kuma me ya gani a bango. Kafin in fita na ƙara da ƙafa-uku, abin kafa kyamara, ba wanda ya ce in saya.

Na kwana a Nguru, ana idar da sallar asuba na nufi bakin ruwa cikin farar shadda mai sitati da hula, don ba a san inda za a haɗu da mai ɗaukar mutum hoto ba. Matuƙin kwale-kwalen dattijo ne, tare da jikansa. Ya kalle ni daga hula har takalmi.

"Alhaji, ɗaurin aure za mu kai ka?"

"Tsuntsaye za mu gani, Baba."

"To su za su riga ganinka."

Na ɗora rigar ruwa mai launin lemo a kan shaddar, na koma kamar alamar gyaran titi. Rigar ruwan dai dole ce, amma mai hankali kaya masu launin ƙasa yake sawa, ya rufa wani tsohon mayafi a kai.

Jirgin na katako ne, siriri, yana ɗan yoyo ta gindi, aikin yaron shi ne kwashe ruwan da yankakkiyar jarka. Baba na tsaye a baya yana tura mu da doguwar gora, in an shiga zurfi ya zauna ya ɗauki filafili. Ya ce in zauna tsakiya, ƙasa-ƙasa, kada in jingina gefe. Ni kuwa sai na ware ƙafa-ukuna na kafa a cikin jirgi. Ƙafa ɗaya ta tokare jarkar yaron, ɗaya ta nutse a ruwan yoyo, kuma duk lilon da jirgin ya yi kai tsaye yake hawa cikin kyamara, tunda abin da ka kafa ta a kai shi ne ke rawa. A kan ruwa jikin mutum ne ƙafa-uku: ka zauna, ka kafa gwiwar hannu a kan cinya, hannun hagu ya tallafo gilashi daga ƙasa, kugunka ya shanye lilon. Na naɗe ta na ajiye, ta zama fasinja ta huɗu.

Mun daɗe muna ratsa kachalla, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, ta bar wa jirgi 'yar hanya kamar lungun cikin birni. Baba ba ya ƙaunarta ko kaɗan. Ya ce a da ruwa kan zo da ƙarfi ya malala, da rani ya janye ƙasa ta bushe, amma tun da aka datse shi a sama ba ya cika sosai kuma ba ya ƙafewa, ita kuwa kachalla abin da take so ke nan. Madatsar ruwa ta Tiga yake nufi, da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992. Kachallar ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan kwanan jan-baki masu wawashe shinkafa. Ina ta ɗaukar ta hoto da 18-55 yana ta tsine mata.

Kwatsam hanyar ta buɗe, sai ga fili na ruwa, sai ga kirinjijiya jingim a gefe guda, suna wannan fiton nasu, zalɓe guda a tsaye kamar mai gadin banki. Baba ya saki gora ya bar jirgin ya sulale da kansa, ya yi mini raɗa, "Bismillah."

Sai a lokacin na tuna dogon gilashin yana cikin jaka. Na cire gajeren, kyamara a kunne, bakinta na kallon sama, iskar hunturu na kaɗawa. Murfin bayan gilashin ya suɓuce ya faɗa ruwan yoyo, na ɗora kyamarar a cinya a buɗe ina lalube. Na yi minti biyu a haka. Ka'idar kuwa ka kashe ta, ka juya wa iska baya, ka kifa bakinta ƙasa, ka gama cikin daƙiƙa goma. Wanda ya fi haka wayo tun a masauki yake ɗaura dogon gilashi, faɗin ruwa kuma ya ɗauka da waya.

Na saita, na danna. Maɓallin saman yana kan koren akwatin nan na "yi mini komai". Kyamara ta ga duhun asuba da hazo, ta yanke shawarar taimaka mini: ƙwas, filasha ta miƙe ta haska. Wutar da iyakarta 'yan mitoci, ita aka aika wa tsuntsayen da ke mita hamsin. Mafi muni, da zarar filasha ta tashi, saurin ƙiftawar wannan kyamara ba ya wuce 1/200 na daƙiƙa, alhali daga cikin jirgi mai lilo, da gilashi a 250, kana bukatar 1/1000 ga tsuntsun da ke zaune, 1/2000 ga mai tashi. IS rawar hannunka yake ragewa, ba ruwansa da fukafukai. Ga kuma ɗigon saiti guda tara duk a kunne, su kuwa abin da ya fi kusa suke cafkewa, wato ganyen kachalla biyu da ke gabana. Abin da ya kamata tun farko shi ne in juya maɓallin zuwa Tv, in sa saurin da kaina, in bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau ko da 1600 ne, in zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai, in sa AI Servo don saitin ya riƙa bin abin da ke motsi. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi, wanda ya jirkice kuwa sai shara. Duk wannan a Kano na koya, bayan mako guda.

Kirinjijiya dai suka tashi gaba ɗaya. Ko filashar ce, ko shaddar, Baba bai ce komai ba, ya ɗauki gorarsa.

Rana ta ɗaga, hazo ya ɗan washe, filasha ta daina miƙewa, na fara jin kaina. Na ɗauki balbela, ta fito farar fatalwa ba gashi ko ɗaya, saboda farin tsuntsu a gaban ciyawa mai duhu sai ka rage haske da mataki ɗaya. Na ɗauki wani masunci, rana na bayansa, ya fito baƙi ƙirin. Baba ne ma ya lura, ya zagaya da jirgin ya sa ranar a bayana ba tare da na roƙa ba. Ashe ya sha ɗaukar masu kyamara.

Wajen ƙarfe tara wasu dinya uku suka taso daga bayan ciyawa, manya, fukafukansu na ƙara, za su gifta ta samanmu. Ido na cikin kyamara, ina bin su, ina ɗagawa, ina ɗagawa. Wanda ke leƙe ta dogon gilashi ba ya sanin inda jikinsa yake. Ban san na miƙe ba sai da na ji, "Alhaji, zauna!" Na juyo in tambayi me ya faru, ƙafata ta taka ƙafa-ukun da na naɗe, ta mirgina.

Ruwan iya ƙirji ne, sanyi kamar na randa. Ƙafafuna suka lume a taɓo har ƙauri. Abu guda na yi daidai a ranar, hannuna na dama ya miƙe sama da kyamara, kamar masuncin Argungu ya ɗaga giwan ruwa a gaban alƙalai. Hulata ta kama hanyarta, in ta dage za ta bi Komadugu Yobe har tafkin Chadi. Yaron ya kifa kansa cikin jarka yana shessheƙa. Baba ya fara karɓar kyamarar, sannan ya ce, "Kada ka kama gefe, za ka kifar da mu. Zagayo ta baya." Ya koma gaba ya danne, na hau da rarrafe da takalmi ƙafa ɗaya. Wayata da ke aljihun shadda ta riga mu gidan gaskiya.

Kyamarar ta sha fantsali. Nan na tuna gargaɗin mai shago: kada a kunna don a gwada, wuta da ruwa su ke ƙona allon ciki. Na zare batir da katin memori, na goge ta da busasshen rawanin Baba, na bar ƙofofinta a buɗe. Yaron ya ce a binne ta a ɗanyar shinkafa. Shinkafa ba ta jan danshi sosai, garinta kuma shiga ko'ina yake. Ƙullin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi, su na tara a roba mai murfi na rufe ta kwana uku. Ni ma daga baya sai da na je gwajin tsargiya, tunda ruwan kwance mai dodon koɗi ba a shigarsa a yi shiru.

Ranar huɗu ta kunnu. Na fita tsakar gida na ɗauki sama don gwaji, sannan na zuba komai a kwamfuta, hoto 412. Kachalla ta fito tar, kowane ganye da jijiyarsa. Kirinjijiya kamar an shafa shuni da yatsa. Dinya kuwa rabin fiffike ne a kusurwa, sai hoto na gaba, gorar Baba a karkace. Amma a hotunan bayan fitowar rana na ga wani abu: can sama ta hagu, wani tsuntsu shi kaɗai, baƙi-baƙi, ya ɗan lanƙwasa kamar mai shawagi. Yana cikin hoto sama da ɗari. Na zaɓi biyar na tura wa abokin aikina, na rubuta, "Wani shaho ne ya yi ta bin jirginmu. Waya ba ta kama irin wannan."

Washegari a ɗakin malamai ya jera su a allon kwamfutarsa, yana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na sauyawa, ciyawa na sauyawa, shaho ko gezau. Ya ce, "Malam, ba ka da wani hoton da ba na Nguru ba?" Na buɗe na tsakar gidana. Ga tankin ruwanmu, ga igiyar shanya, ga shaho a sama ta hagu.

Na koma wurin mai shago. Bai tambaye ni komai ba, ya sa f/22 ya juya ga farin bangon nan. Shahon ya fito ɓaro-ɓaro, da 'ya'yansa shida. Ƙura ce da ta sauka kan sensa, wato ɗan farantin da hoto ke sauka a kai cikin kyamara, lokacin da nake laluben murfi. Ba ta nuna kanta in ƙofar haske a buɗe take, sai rana ta yi ƙarfi kyamara ta matse ƙofar zuwa f/11 ko f/16, shi ya sa babu shi a hotunan asuba. Ya ce tunda hoto a kife yake sauka, abin da na gani a sama a ƙasan sensar yake. Ya ɗaga madubin ciki, ya kifa kyamarar, ya hura mata iska da 'yar robar famfo sau huɗu, ya gargaɗe ni kada in kuskura in hura da baki ko in sa auduga.

Kuɗin aikin bai kai na takalmin da na bari a taɓo ba. Abokin aikina kuwa har yau in mun gaisa, bayan ya tambayi iyali da yara, sai ya ƙara da, "Ya shaho?"