Illar barin mataccen umarni a cikin manhaja

Daga cikin munanan ɗabi'un masu rubuta manhaja, wadda aka fi rainawa ita ce barin tsofaffin umarnin da aka daina amfani da su, bisa hujjar wai wata rana za a buƙace su. A ganina wannan ɗabi'a ta fi rubutu marar tsari haɗari, domin shi rubutu marar tsari kowa na ganinsa, mataccen umarni kuwa mantawa ake yi da shi.

Abin da ya sami kamfanin Knight Capital na Amurka ranar 1 ga Agusta, 2012 ya isa hujja. Kamfanin, mai hada-hadar hannayen jari a New York, yana da wani tsohon sashe a manhajarsa mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge ba. Da aka rubuta sabon sashe, sai aka ɗauki alamar da a da take tayar da Power Peg aka ba ta sabon aiki, wanda shi ma ganganci ne. Ma'aikacin da ya ɗora sabuwar manhajar ya sa ta a manyan kwamfutoci bakwai ya tsallake ta takwas, kuma babu wanda ya bi sawunsa ya duba. Ana buɗe kasuwa, ta takwas ɗin ta farkar da tsohon umarnin, ya shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya tafka asarar kimanin dala miliyan 440, daga baya kuma hukumar SEC, mai sa ido kan hada-hadar hannayen jari a Amurka, ta ci shi tarar dala miliyan 12.

Masu kare wannan ɗabi'a kan ce gogewa ma tana da haɗari, tunda ba a san abin da ya dogara da sashen ba. Gaskiya ne, amma wannan tsoron shaida ce cewa ba a rubuta gwaje-gwajen da za su tona ɓarna ba, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ga kuma Git, manhajar da ke adana tarihin kowane layin umarni da aka rubuta ko aka goge, har a dawo da shi idan buƙata ta taso.

Laifin ma bai tsaya kan masu rubutun ba. Shugabannin da ke auna ƙwazon ma'aikaci da yawan sababbin abubuwan da ya ƙara, suna ɗaukar ranar da aka ware don share tsofaffi a matsayin ɓata lokaci, su ne ya kamata a fara tuhuma.