Alhaji Ya Nemi Maganin Tsawo

Likita: Alhaji, ka hau sikelin da ƙafa biyu, sannan ka saki ƙofar da ka riƙe, domin nauyinka duka nake nema, ba abin da ya rage bayan ƙofa ta ɗauki rabonta ba.

Alhaji: Na saki, Likita, amma a rubuta cewa akwai makullai a aljihuna.

Likita: Nauyinka kilo 98 ne, tsawonka kuma mita 1.70. Yanzu za mu fitar da ma'aunin da ake kira BMI, wato a ninka tsawo da kansa, sannan a raba nauyi da abin da aka samu. Idan aka ninka 1.70 da 1.70 za a sami 2.89, idan kuma aka raba 98 da wannan, sakamakon ya kusa 34.

Alhaji: Alhamdu lillahi, Hajiya, kin ji ko? Ko a makaranta ban taɓa cin 34 a lissafi ba.

Likita: Ranka ya daɗe, wannan jarrabawar ba a son maki mai yawa a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligin da ya gaza 18.5 ya rame, daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi ya yi daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya fara yawa, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ke ƙara haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya.

Alhaji: Wane ne ya ƙirƙiro wannan lissafin, kuma ya taɓa ganina?

Likita: Wani masanin lissafi ne ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet, tun a shekarun 1830, sai a 1972 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu.

Alhaji: To, ka gani! Mutumin da ya rasu tun ba a haifi kakana ba, shi ne zai yanke wa tumbina hukunci?

Likita: Maganarka tana da ƙamshin gaskiya, domin ma'aunin bai san bambancin tsoka da kitse ba. Mai ɗaga ƙarfe yana iya haura 30 alhali babu teɓa a jikinsa, kuma ba a auna mai juna biyu ko ƙananan yara da waɗannan lambobin.

Alhaji: Madalla, ni ma tsoka ce ta yi mini yawa.

Hajiya: Likita, tsokar tasa ce take ci gaba da rawa bayan ya gama dariya.

Likita: Tef ɗin awo ne zai raba gardama, tunda kitsen ciki ya fi na sauran jiki haɗari, kuma ana so kewayen ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum. Rabin tsawonka santimita 85 ne. Alhaji, ka saki numfashinka, na ga idanunka sun fara ja.

Hajiya: Ya saki, ga tef ɗin ya tsaya a 112.

Alhaji: Bari in yi tambaya ta ilimi. Mai kilo 98, wane tsawo ne zai sa lissafinsa ya yi daidai?

Likita: Sai ya kai kamar mita 2, a nan ne zai sami 24.5.

Alhaji: Ashe ba ƙiba ce ta yi mini yawa ba, tsawo ne ya gaza! Likita, ka rubuta mini maganin santimita 30 kawai mu rabu lafiya.

Likita: Ƙasusuwanka sun daina tsawo tun kana saurayi, saboda haka nauyin za mu taɓa. Ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ka rage, wato kilo 5 zuwa 10, hawan jininka da sukarinka za su iya sauka. Ka rage yawan ci da kayan zaƙi, kuma ka riƙa motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, misali tafiyar minti 30 sau biyar.

Alhaji: Tafiyar minti 30 kacal? Wannan ai mai sauƙi ne. Hajiya, ki tuna mini in sanar da direba.