Dabbar nan mai guba ta gaɓar yammacin Amurka ba ƙadangare ba ce

Duk wanda ya ga hoton Taricha granulosa sai ya ce ƙadangare ne, in kuma ya ji tana da guba sai ya ɗauka sara take yi kamar maciji. Duka biyun kuskure ne. 'Yar uwar kwaɗo ce: a ruwa take yin ƙwai, 'ya'yanta a ruwa suke fara rayuwa, ba ta da ɓawo a jiki. Tana zaune a dazuzzuka masu laima da tafkuna, daga kudancin Alaska har Kalifoniya.

Gubar, wadda ake kira tetrodotoxin, a fatarta take, irin wadda ke jikin kifin fugu na Japan. Tana tsayar da saƙon jijiyoyi har numfashi ya gagara. Amma sai ta shiga ciki take kisa. A 1979 wani mutum mai shekara 29 a jihar Oregon ya haɗiye dabbar guda ɗaya don nuna jarumta, ya rasu. Wanda ya ɗauke ta da hannu kuwa, wanke hannu ya ishe shi, muddin bai taɓa ido ko baki ba.

In aka tsorata ta ba ta gudu. Sai ta ɗaga kai, ta lanƙwasa wutsiya, ta bayyana cikinta mai ruwan lemo, gargaɗi ke nan. Abin mamaki, akwai wani maciji a yankin da ke cinye ta ya kwana lafiya. Inda macijin ya fi juriya, nan gubarta ta fi ƙarfi. A tsibirin Bankuba (Vancouver) na ƙasar Kanada, kusan babu guba a jikinta.