Sun yi wa dankali biki, ni kuwa irin Baba nake nema

Ranar Asabar da ta wuce, cikin sanyin Janairu mai ratsa ƙashi, wani maƙwabcina Bature ya ja ni zuwa abin da suke kira ranar dankali, a wani ƙauye nan Ingila. Babban zaure ne, an jera tebura, kowane tebur da kwanduna, kowane kwando da katin sunan iri. Dankalin Turawa ne na shuka, ɗaya-ɗaya ake sayar da shi kamar goro. Tsofaffi cikin manyan rigunan sanyi, kowa da 'yar jakar takarda, sai mutum ya ɗauki ƙwaya ya juya ta yana duba idanunta. Na ga King Edward da ake nomawa tun 1902, na ga Maris Piper da suke soyawa, har da wani mai gaɓa-gaɓa kamar citta, Pink Fir Apple. Yawancinsa daga Sikotilan ake kawo shi, domin sanyi da iskar can ba sa barin ƙwarin da ke yaɗa cutar dankali su yi yawa. In an kai gida sai a jera shi cikin kiret ɗin ƙwai a bakin taga ya yi tsiro, Maris ko Afrilu a binne.

Ina tsaye wata dattijuwa ta matso da fara'a ta ce, "Ka taɓa shuka wani abu kuwa?"

Wallahi maganar ta soke ni. Ni da na tashi da fartanya a kafaɗa a ƙasar Gumel! Ba na musun sun iya tsari, kuma rubuta sunan kowane iri abin koyi ne. Amma abin da suke yi a ɗan filin da ƙaramar hukuma ke ba su haya, nishaɗi ne. In dankalinsu ya ruɓe, kanti na nan. Mu in gero ya ƙi, kowa ya san yadda bazara ke zama a gida. Wa zai koya wa wa darajar iri?

Baba, Allah ya ji ƙansa, tun a gona yake ware zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban. Wakensa kanannado, mai manyan ƙwayoyi farare da harawa mai yawa, cuɗa shi yake da toka, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka. Shekarar da rumbu ya ƙare kafin ruwa ya sauka, Inna ta tsaya ta kalli tulun nan, ta juya ta tafi neman ganyen tafasa. Ba kati, ba taro, amma ba wanda ya isa ya taɓa.

Da daddare na kira gida. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, kanannadon Baba yana nan?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai tun shekarar da ya rasu ba a sake ajiyewa ba. Yanzu in damina ta matso, Maigatari nake shiga ranar Alhamis in auno."

Ban ga laifinsa ba. Shi kaɗai muka bari da gonar, mu uku duk mun watse, kuɗi kawai muke turawa.

Na roƙe shi ya je wajen Gwaggo ya tambaya, don na tuna Baba ya taɓa ba ta mudu guda. Ya ce zai leƙa bayan sallar Juma'a.