Dune: hamada na gani a fim, ƙishirwa na ji a littafi

Shekara takwas ke nan ina zaune a Montreal, inda famfo ba ya taɓa ƙafewa. A nan na kalli fina-finan Dune biyu da Denis Villeneuve, ɗan wannan lardin na Kebek, ya fitar a 2021 da 2024. Abokan aikina sun fito sinima suna ta yabon manyan tsutsotsin da ke haɗiye injina a cikin rairayi. Ni kuwa ɗan Damagaram ne, na tashi ina bin layin jarkoki tun asuba, saboda haka ruwa idona yake nema.

Fim ɗin ya yi kyau, ba musu. An ɗauki hamadarsa a Jodan da Abu Dhabi, kashi na farko ma ya ci kyautar Oscar shida. Amma littafin da Frank Herbert ya wallafa a 1965, na farko cikin shida da ya rubuta kafin rasuwarsa a 1986, ya fi sanin darajar ɗigon ruwa.

Akwai wata liyafa a littafin da fim ya tsallake. A fadar Arrakis, duniyar hamadar da labarin ke faruwa a cikinta, al'adar manya ita ce su wanke hannu, su watsa ruwan a ƙasa, su jefa tawul a ciki, daga baya a matse tawul ɗin a sayar wa mabarata a ƙofa. Sarki Leto ya gani, ransa ya ɓaci, ya hana. Da na zo wurin nan sai da na ajiye littafin, domin na san gidajen da ake wanke mota da tiyo alhali maƙwabta suna jiran ɗan ga-ruwa. Haka kuma kukan da Paul, ɗan Leto kuma jarumin labarin, ya yi a jana'izar Jamis, mutumin da ya kashe da hannunsa: mutanen Fremen, mazauna hamadar, suka yi ta taɓa kumatunsa cikin mamaki, wai ga wanda ya ba mamaci ruwan jikinsa. Wannan ma babu shi a fim.

Sai kalmomi. Herbert ya rubuta Mahdi, ya rubuta jihadi ƙarara, domin yana gargaɗi ne kan jama'ar da ke miƙa wuya ga mai ceto. Fim ya riƙe Mahdi da Lisan al-Gaib, laƙabin da Fremen ke kiran mai ceton da shi, amma ya kauce wa jihadi. Abin ya dame ni. Kalmomin da abokaina ke ji kamar ƙirƙirarren yare, ni tun a makarantar allo na fara jin su.